Don Allah ina kuke samun natsuwa a waya cikin kullen koronan nan? Ni kullum sai labarin rasuwa

Ummu Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa, ya ibada ya zaman gida. Don Allah kar ku ga tsawon rubutuna, abin ne ya cika min ciki kuma ba ni da wanda zan amayar wa. Ina Kano cikin gari, yau sati uku kenan tun daren 16 ga Afrilun 2020 da aka rufe mu saboda annobar korona. Maigidana ya tafi Legas saro kaya ƙarshen Maris, kwana biyu da saukarsa aka rufe Legas ɗin, har yanzu yana can ɗakin wani abokinsa, ni kuma ina nan da yara biyu da ƙanwarsa. Satin da ya wuce kawuna ya rasu, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina aji uku a firamare har ya kai ni ɗakin miji. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, aka zaga da shi asibiti biyu ba a karɓe shi ba, da asuba ya cika. Ban ga gawarsa ba, ba a yi zaman makoki ba, tsakanin gidana da gidansu tafiyar naira hamsin ce a adaidaita sahu amma sai a waya na yi wa Inna gaisuwa, tana kuka ina kuka har katina ya ƙare.

To tun ranar wayar nan ta zame min wani abu daban. Na buɗe Facebook Innalillahi, na gangara ƙasa Innalillahi, yau farfesa gobe limamin unguwa jibi mahaifin ƙawata, ranar Asabar kuma Sarkin Rano, sitatus ɗin WhatsApp duk hotunan mamata ne. Da daddare in na kwantar da yara sai in zauna ina jiran hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, su saki alƙaluman waɗanda suka kamu in ga Kano nawa yau, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, daga nan barci ya ƙaurace min har lokacin sahur. Ko maƙogwarona ya ɗan yi ƙaiƙayi sai gabana ya faɗi in ce shikenan ta iso, wa zai riƙe min yaran nan. Sau biyu ina goge Facebook ina sake sauke shi, don in na ajiye wayar shirun gidan ya fi damuna, ba tarawihi a masallaci, ba hayaniyar masu tafsiri, ba yara masu tashe.

Ina ganin wasu suna cewa wai waya ce ke ɗebe musu kewa a kullen nan. Don Allah ina kuke shiga? Me kuke saurare? Ko dai in haƙura in koma 'yar ƙaramar waya mai tocila in huta?

Gwaggon Zazzau:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi, ya dawo miki da maigida lafiya. 'Yata kar ki jefar da wayar, ke kaɗai ce babba a gida kina buƙatar mutane, wajen da kike zama a cikinta ne za ki canza.

Mu nan jihar Kaduna tun ƙarshen Maris muke kulle, mun riga ku shiga, kuma satin farko yadda kika faɗa haka na kasance. Abin da ya cece ni gurup ɗin matan Islamiyyarmu ne. Da can ba abin da ake yi a ciki sai sanarwar biki da suna da tallan atamfa, to da aka rufe makaranta malamarmu ta ce tunda ba za mu haɗu ba a raba sauka a nan. Mu talatin ne, kowacce izu bibbiyu, kin ga izu sittin ya cika, duk kwana uku muna sauke Alƙur'ani. Wadda ta gama sai ta rubuto "na idar", in kin ga saura ke da mutum biyu ba wanda zai ce ki tashi, da kanki za ki ɗauko Alƙur'anin. Ranar sauka kowa ta turo sunan mamacinta malama ta haɗa ta yi addu'a a murya ta turo, mu bi da amin. Kuma ta kafa doka tun farko, ba a turo hoton gawa, ba a turo muryar wani da ba a san shi ba yana cewa an binne mutum kaza a maƙabarta kaza, wadda ta turo a goge a ja mata kunne.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu mijinta ya rasu bara, karatunta bai yi ƙarfi ba, a aji ko baki ba ta buɗewa don kunya. Yanzu ita ce kullum bayan asuba take turo karatunta a murya, aya biyar aya shida, tana yi tana tuntuɓe zakara na cara a bayanta, malama ta gyara mata ta sake turowa. Wallahi in na ji muryar matar nan da safe sai in ji duniya ba ta ƙare ba. Shekaranjiya ta haɗa Tabaraka ba gyara ko ɗaya, gurup ya kaure da kabbara.

Sai tafsiri. Ni shekara nawa ina son zuwa tafsirin la'asar ban taɓa samu ba, lokacin ne ake tsaka da aikin buɗa baki. Bana da malamai suka koma yi kai tsaye a Facebook da rediyo, sai in jingina wayar da robar sukari ina suyar ƙosai ina ji, abin da ya wuce ni in dawo da shi baya da daddare. Ban ce annoba alheri ba ce, Allah ya yaye mana, amma wannan ɗaya na same shi a cikinta. In kina so ki min magana ta akwati in roƙi malama ta sa ki, akwai wadda ta haihu muna neman mai karɓar izunta.

Ɗan Kwari:

Allah ya jiƙan Kawu. Gwaggo Allah ya saka da alheri amma ki yi min afuwa, ni gaskiya ban ga natsuwar da ke cikin soshiyal midiya ba, in ma akwai to ta masu hali ce. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, sai na fita nake samu, sati uku ba ko sisi, data ɗin da za a kalli tafsiri kai tsaye awa guda kuɗinta ya sayi gero kwano. Ka lallaɓa ka sa ta ɗari biyu ka shiga Instagram sai ka tarar wata ta jera kaji da farfesu da lemo kala huɗu ta ɗauka ta rubuta Alhamdulillah, kai kuwa kunu ne ba sukari a gabanka, wace natsuwa kenan? Ga masu ƙarya, yau a ce 5G ce ke kawo cutar, gobe a ce tafarnuwa da lemon tsami sun gama da ita, wani ya ce ciwon masu kuɗi ne masu hawa jirgi, yara a layinmu har waƙa suke babu korona alhali layin nan kaɗai dattawa uku muka kai. Shawarata Hajiya ki rage, ki kama rediyo, ko ba komai rediyo ba ya nuna miki hoto.

Abu ɗaya dai zan faɗa don kar in ci amanar gaskiya. Maƙocinmu mai adaidaita ne, 'ya'ya shida, ranar azumi na biyar matarsa ta aiko gidanmu ko akwai ragowar tuwon jiya. Abin ya tsaya min a rai na rubuta a Facebook ban faɗi suna ba, na ce duk mai niyya ga halin da ake ciki. Kafin isha'i wani abokina na sakandare da rabona da shi shekara tara, yana Fatakwal yanzu, ya turo dubu biyar, wata mata da ban ma sani ba ta turo dubu biyu, ranar Litinin da aka buɗe gari ƙarfe goma zuwa huɗu na je na auno masa shinkafa da gero da mai. Da na kai mutumin bai iya cewa komai ba, hannuna kawai ya riƙe ya ƙi saki. Wannan kam waya ce ta yi. Amma sauran duk tayar da hankali ne.

Gwaggon Zazzau:

Ɗana ai ka ba da amsar da bakinka. Maganar hoton abinci kuwa gaskiyarka, ni ma na yi wa 'ya'yana faɗa a kai, bana ba shekarar nuna faranti ba ce.

Nas Mai Dare:

Slm Ummu Biyu, Allah ya gafarta wa Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yanzu na sauka daga aiki bari in ɗan ce wani abu ko zai yi amfani.

Na farko abin da kike ji ba rashin tawakkali ba ne kuma ba ke kaɗai ba ce. An yi miki rasuwa ba ki samu kin yi makoki yadda aka saba ba, ba a zo an zauna da ke ba, ba ki ga mutane sun cika gida ba, to zuciya ba ta gama yarda ba shi ya sa duk sanarwar rasuwar da kika gani sai ta tayar miki da taki sabuwa.

Na biyu, Facebook yana lura da abin da kike tsayawa a kai. In kika tsaya kan sanarwar rasuwa kika rubuta Allah ya jiƙansa, kika buɗe hoton, gobe irinta zai ƙaro miki don ya ɗauka ita kike so. Ba wai garin ne kaf ya mutu ba, an yi rashe-rashe da yawa kam ba mai musu, amma wayarki tana tattaro miki su wuri ɗaya ne. Ki danna ɗigo ukun nan da ke saman rubutu, akwai wajen da za ki dakatar da ganin mutum na kwana 30 ba tare da kin cire shi daga abokai ba kuma ba zai sani ba. Sitatus na WhatsApp ma ki danne sunan ki yi miyut. Gurup ɗin da ba ki iya fita don kunya ki kashe masa ƙara, ki kuma hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, datarki ma za ta huta, wannan har da kai Ɗan Kwari.

Na uku alƙaluman NCDC, don Allah ki daina jiransu da dare. Ba abin da za ki iya yi da lambar nan ƙarfe sha ɗaya na dare sai hana kanki barci. Kuma lambar ta waɗanda aka gwada ce, kin tuna a watan Afrilu ɗakin gwajin Kano ya tsaya na wasu kwanaki, da aka dawo sai samfura suka taru, to ranar da kika ga lamba ta yi tsalle ba lallai a ranar duk suka kamu ba. Ki duba sau ɗaya da hantsi in kin ga dama, daga shafinsu na gaskiya ko BBC Hausa ko Freedom Radio, shikenan.

Amma kar a ce na ce cutar wasa ce, akwai ta, muna ganinta. Tafarnuwa da citta ba sa kashe ta, ki sha abinki don daɗin kunu. Ranar da aka buɗe gari in za ki kasuwa ki sa takunkumi, ki wanke hannu da sabulu in kin dawo kafin ki taɓa yara, Inna kuma a rage shigar mata ɗaki don tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga ta fi kayarwa.

Ni abin da ke riƙe ni, mu bakwai ne da muka gama makarantar jinya tare muna da gurup, kowacce tana wani gari. Duk wadda za ta shiga aikin dare sai ta rubuto "na shiga", da safe ta rubuto "na fito". In ba ta rubuto ba a kira ta. Wata uku da suka wuce da an ce min kalma biyun nan za su zame min abin dogaro ba zan yarda ba. Sati biyu ban rungumi ɗana ba, yana wajen mahaifiyata, sai bidiyo kol bayan magariba yana nuna min haƙorinsa da ya fita. In rashin barcin ya wuce sati biyu nan gaba ko kika kasa cin abinci ki min magana, kar ki zauna da shi ke kaɗai.

Ɗan Maraɗi a Yamai:

Salamu alaikum mutanen Najeriya, muna muku gaisuwar rashi, Allah shi jiƙan musulmi. Mu ma nan Nijar tun watan Maris masallatai na ruhe, an killace Yamai ba shiga ba hita, dokar hana yawo ta fara tun bakwai na yamma har shida na sahe kahin a sassauta ta. Kun san mu da fada, in an sha ruwa an yi tarawihi sai a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi har tsakad dare, to bana babu. Sai muka maida fadarmu WhatsApp. Mu ba mu cika rubutu ba sai vokal, wato saƙon murya, kowa shi ɗora butarshi a gida, in an zuba na fari a turo hoto, na biyu a turo, hira na tahiya kamar muna wuri guda, har wanda ke Agadas da wanda ke Libiya suna ciki, waɗanda da can sai shekara ba mu ji muryarsu ba.

Abin da ni ke so in gaya miki Hajiya shi ne na kakata. Tana ƙauye, ta haura tamanin. Ƙanena ya ɗauko muryarta ya turo min, na tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta yi dariya ta ce ita ta ga agana da idonta, ta ga shekarar da aka zo ana yi ma mutane lamba a dantse, ta ga sanƙarau na ɗaukar yara lokacin zahi, ta ga yunwar 1984 da aka ci abin da ba a ci. Ta ce kowace ta zo kamar ba za ta tahi ba. Ta lissafo 'yan uwanta da agana ta ɗauka da sunansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce yau ku tambayi yaro mi a agana bai sani ba. Kuma gaskiya ta faɗi, tun 1980 aka shelanta an gama da agana a duniya baki ɗaya. Vokal ɗin minti huɗu ne, na saurare shi ya fi sau ashirin, na tura fada kowa ya ce shi ma zai nemi tsohuwarshi. Yanzu kusan kullum akwai muryar wata tsohuwa ko wani tsoho a gurup ɗin. Ke ma kina da Inna, ki bar ta ta yi miki labari, ba gaisuwar mutuwa kaɗai ba.

Almajirin Zaure:

Allah ya sa Kawu yana cikin rahama. Ni abin da ya karya min zuciya tun farko hoton Ka'aba ne ba kowa a wajen ɗawafi, da bidiyon ladanin nan na Kuwait da ya zo wajen "ku yi salla a gidajenku" murya ta sarƙe masa da kuka. Kwana biyu ban iya cin abin kirki ba. Abin da ya dawo da ni wani ɗan gajeren karatu ne da aka turo, malamin ya kawo labarin annobar Amwas a shekara ta 18 bayan hijira, lokacin da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham aka tare shi da labarin annoba ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal duk a annobar suka rasu. Sai na ga ashe waɗanda suka fi mu sun shiga irin wannan, sun yi taka-tsantsan kuma sun yi rashi. Akwai kuma hadisin Nana A'isha a Bukhari, cewa wanda annoba ta same shi ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada, yana sane ba abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta masa, yana da kwatankwacin ladan shahidi. Zaman da kike yi da yaran nan a gida Hajiya yana ciki in sha Allahu. Amma a kula, ba duk abin da aka rubuta "hadisi" a WhatsApp ne hadisi ba, an turo min wasu na ƙarya a kan korona har uku.

Ummu Biyu:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci, na karanta duka har sau biyu ina hawaye. Ku yi haƙuri kwana uku ban leƙo ba. Anti Nas na yi abin da kika ce, na dakatar da mutum ya kai ashirin, kuma daren jiya da shekaranjiya ban duba alƙaluma ba, na ba ƙanwar maigidana wayar ta ajiye a ɗakinta bayan isha'i. Ba zan ce barcin ya dawo duka ba, har yanzu ina farkawa wajen ƙarfe biyu, amma faɗuwar gaban ta ragu.

Ɗan Maraɗi maganarka ce ta fi shiga ta. Na buɗe gurup na sa 'ya'yan Kawu da jikoki da mu da ya riƙa, mu ashirin da shida, na ce tunda ba mu zauna makoki ba kowa ya turo abin da yake tunawa da shi. Da farko shiru, sai autarsa ta turo wata tsohuwar murya da ya taɓa aika mata tana makaranta, yana mata faɗa ta riƙa karyawa kafin ta shiga aji, ƙarshe ya ce "to Allah ya yi albarka" yadda yake ja da ita ɗin nan. Wallahi duk muka rushe. Daga nan kowa ya ɓalle, yayanmu na Abuja ya ba da labarin kekensa da ya koya mana a kai duka, wani ya tuno bashin da ya biya masa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Inna ba ta iya waya ba, jikarta ke kunna mata, jiya ita ma ta yi magana minti shida tun daga yarintarsu a Ƙofar Mata, abubuwan da ban taɓa ji ba. Maigidana ma daga Legas ya turo nasa.

Ɗan Kwari in akwai wani gida irin na maƙocinku ka min magana, muna so mu fitar wa Kawu sadaka mun haɗa ɗan abin da ya samu. Gwaggo na turo miki saƙo, don Allah a roƙar min malama in da hali a fara ba ni Amma da Sabbi, su na fi iyawa, in na saba sai a ƙara min.